Layi Goma Sha Biyu na Mai Shara

Ban taɓa yarda cewa za a koyi wasan kwaikwayo ta waya ba. A inda na yi karatu, a kan dakali ake koyonsa, da gumi da ƙura. Don haka da na dawo gida aka jefa ni cikin wani zauren intanet na masu nazarin wasannin wani marubuci da ya mutu ɗaruruwan shekaru, wanda 'yan zauren ke kira Tsoho, na shiga ne ina taɓe baki.

Malamai ne da ɗalibai kusan ɗari uku. Shugaban zauren tsohon malamin adabi ne, kuma dokarsa ɗaya: duk wanda ya jingina wa Tsoho abin da bai rubuta ba, waje.

Akwai wata mai kiran kanta Mai Allura. Ba hoto, ba ta taɓa turo murya ba, amma takan faɗi abubuwan da ba su cikin kowane littafi. Wata rana ta rubuto jawabin wani mai shara, layi goma sha biyu, ta ce yana cikin kashi na uku na shahararren wasan Tsoho. Muka duba bugu huɗu. Mai shara yana nan, amma kalma uku kawai yake faɗa ya fita.

Zaure ya ɗauki zafi. Wani ya ce na'ura ce ke rubuta mata. Wata ta ce wani da aka kora bara ne ya dawo da sunan mace. Shugaba ya ba ta zuwa Asabar: hujja ko kora. Ta amsa da adireshi kawai. Da yake unguwar ba ta da nisa da ni, ni aka aika.

Shagon ɗinki ne matsattse, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani. Keke ɗaya, gunkin gwada kaya, da gwangwanin maɓallai. Mai Allura dattijuwa ce mai tabarau, da tef ɗin awo a wuya. Ƙanwarta na guga a gefe.

"Kai ne ɗan leƙen asirin?" in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Mama, gaisuwa na zo yi."

"Da littattafai huɗu a hammata?"

Ƙanwar ta yi dariya. "Yaya, ba shi kujera, kada ilimi ya kayar da shi."

Na nemi ta nuna min littafin da ta samo layukan. Ta ce ba ta taɓa karanta wasan ba. A raina na ce magana ta ƙare.

Ƙanwar ce ta ajiye dutsen guga ta yi min bayani. Shekara ashirin da shida yayarta ta yi tana shirya 'yan wasa a bayan labule, a wani gidan wasa da yanzu ya zama ɗakin ajiye taya. Ba ta taɓa kallon wasan daga gaba ba. Da kunne ta haddace shi, allura a baki. Tun da aka rufe gidan, ba ta da wanda za ta yi hirar Tsoho da shi sai wannan zaure.

"In sun kore ta, ni zan sha wuya," in ji ƙanwar. "Ni za ta riƙa yi wa jawabin sarakuna ina guga."

Mai Allura ta jawo wani akwati daga ƙarƙashin tebur, ta fito da doguwar riga shuɗiya da ta koɗe, ta sa wa gunkin. Maɓalli talatin da biyu ne a bayanta.

"A kashin nan uwar gida ta cikin wasan ke fita da kayan tafiya, ta dawo da wannan," ta ce. "Mai shara na magana, ni ina ɓallawa. Riƙe wayarka da kyau ka ɗauki bidiyo, ɗan nan."

Ta fara karanta layukan, yatsunta na hawa daga ƙugu. Mai shara na ƙorafin tsintsiya, da ƙafafun manya da ba sa ganin inda aka share. Kalmar ƙarshe ta faɗo daidai da maɓallin wuya.

Na tambaye su wa ke fitowa a mai shara.

"Mijinta, Allah ya jiƙansa," in ji ƙanwar. "Kafin ya zama mijin ma. Ranar farko aka yi mata tsawa don ta makara da rigar. Washegari mai shara ya yi baki, kalma uku suka zama layi goma sha biyu."

Mai Allura ta juya ta kalli ƙanwarta.

Na tura bidiyon da bayanin. Bayan awa biyu shugaba ya rubuto cewa layukan ba na Tsoho ba ne, kada ɗalibi ya kai su jarrabawa. Amma wadda ta faɗi abin da ta ji da kunnenta ba ta yi ƙarya ba. Ta ci gaba da zama a zaure.

Na karanta mata. Ta shiga ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, da gaske ba ki san shi ya ƙirƙire su ba?"

"Ina zan sani? Ni ina bayan labule. Da ya faɗa min, da na sa ya ƙara layi biyu. Kullum da gudu nake kaiwa ga na wuyan nan."