Mamaled Ɗin Maman Yakubu a Shingen Sahuda

Mubi zuwa Garwa

Zakaran farko bai gama gyara murya ba muka rufe gida, ni da matata Rifkatu, wadda duk unguwa ke kira Maman Yakubu. Ranar Alhamis ce cikin hutun makaranta, lokacin Jihar Gongola ba ta daɗe da samun suna ba. Ita ke gaba da jaka, ni ina biye da tocila, kamar yadda muke tafiya tun ranar aurenmu.

Ga abin da ya fitar da mu. Tana da rumfar shayi kusa da makarantar da nake koyarwa, kuma abin da ke jawo mata jama'a shi ne mamaled, wato lemo da ɓawonsa a dafa da sukari har ya yi kauri, a shafa a burodi. Da hannunta take dafawa, ta ɗura a tsofaffin kwalabe. Sai duba-gari ya zo ya ce abin sayarwa a kwalba dole ya zama na kamfani, da takardarsa a jiki, murfinsa a liƙe. Ya sa wa rumfar kwaɗo, ya ce zai dawo ran Litinin. In ya tarar da kaya bisa doka ya buɗe, in kuwa ya sake ganin buɗaɗɗiyar kwalba, ta yi ban kwana da rumfar. A Mubi ba a samun na kamfani a lokacin, amma a Garwa, cikin Kamaru, akwai.

A tasha muka sami akori-kurar wani Bafulatani mai suna Buba. Ya dube ni da tabarau da jarida, ya ce, “Malam ka shiga gaba, Mama ya hau baya.”

“Mama ce ta biya kuɗin gaba,” in ji ta. Na hau baya, tsakanin buhun gyaɗa da wata tunkiya mai tunani.

Hantsi ya yi mana a Sahuda, kan iyaka, inda aka duba takardunmu aka ɗaga sandar shinge. A Bukula muka sake mota, muka karya da burodin Faransa, dogo kamar sandar makiyayi. Daga nan sai gangara da duwatsu, da mayo bayan mayo, wato rafi da Fulatanci, har Durbeye, inda taya ta fashe muka ci dafaffiyar gyaɗa a gindin tsamiya. Muka shiga Garwa da magariba, muka sauka gidan Dada Hajara, wata tsohuwar ƙawar kasuwarta, wadda ta ba mu tuwon dawa da kifin Binuwai.

Garwa

Da safe muka je kantin wani ɗan Lebanon. Na shirya Faransancina tun a mota, amma mutumin ya gaishe mu da Fulatanci, na mai da nawa aljihu. Ta sayi kwali uku na mamaled. Ta nemi ya buɗe ɗaya ta ɗanɗana, ya ce a nan ba a yin haka. Na ga ta matse baki.

Wanda bai san matan kasuwarmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mace ba ta sayen man gyaɗa ko zuma ko daddawa sai ta kai bakinta. Kuma ba ta sayar wa ɗan wani abin da harshenta bai shaida ba. Uwarta a Michika haka ta yi, kakarta ma haka.

Da la'asar ta aike ni tasha in kama mana wurin zama na gobe. Da na dawo na same ta a tsakar gida da cokali a hannu, Dada Hajara na goge kwalabe tana mayarwa cikin kwali.

“Baban Yakubu, mutumin nan bai cuce mu ba,” in ji matata. “Duk masu kyau ne.”

“Duk? Yaya kika sani?”

“Kwali biyu na bi ɗaya bayan ɗaya. Na ukun ne harshena ya mutu, na ƙyale shi. Kada ka dube ni haka, na mai da murafen tam, ko aljani ba zai gane ba.”

Na ɗauki kwalba na danna tsakiyar murfin da yatsa. Ya yi ƙas. Na ɗauki ta kwali na uku na danna, shiru. Na yi mata bayanin iska da matsinta, darasin da nake ba 'yan aji biyu. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Ai ba kowa ne ya yi aji biyu ba.”

Sahuda

Ma'aikacin lafiya na shingen Sahuda ya yi aji biyu. Wani dogo ne mai sanyin murya, ya sa aka sauke kwalayen a inuwa, ya tsuguna yana dannawa. Ƙas. Ƙas. Fasinjoji suka kewaye mu kamar ana kiɗan kalangu.

“Mama, wa ya buɗe waɗannan?”

“Ni ce, ɗana. Da cokali mai tsabta. Yaran mutane za su ci, in ba su abin da ban sani ba?”

“Na yarda da cokalinki, Mama. Amma wanda zai saya bai ga cokalin ba, murfi kawai yake gani. Kwali ɗaya ya wuce. Biyun nan ba za su shiga kasuwa ba. Ko a tona rami, ko a cinye su a nan ina kallo.”

Ta tsaya tana duban kwalayen. Na san ribar wata nawa ke ciki, ban kuwa taɓa ganin fuskarta haka ba sai ranar da muka kai Yakubu makarantar kwana. Can ta gyara ɗaurin zane, ta kira masu tallar burodi na shingen, ta saye farantansu duka.

“Abinci ba ya shiga rami ina raye,” in ji ta. “Baban Yakubu, yanka.”

Na yanka, tana shafawa. Kwastan suka ci, masu jiran mota suka ci, manoman da ke dawowa daga gona suka jingine fartanya suka ci. Buba, wanda muka sake samu a nan, ya ci uku ya ce, “Mama, wannan abu ya fi man shanu, amma kar Fulani su ji.” Ma'aikacin lafiya ya ƙi karɓa har sau biyu, a na uku ya karɓa ya juya mana baya. Ita kuwa duk wanda ta miƙa wa sai ta faɗa masa inda rumfarta take.

Gida

Muka iso Mubi da yamma, hannuwanmu na danƙo, ƙudan zuma sun rako mu har tasha. Ran Litinin duba-gari ya zo, ya danna murafen kwali ɗayan nan, bai ji ƙas ba, ya cire kwaɗonsa. Tun daga ranar, duk mai so sai ya sayi kwalba sukutum, ya buɗe abinsa da hannunsa.

Ina nan zaune wata tsohuwa ta zo, ta juya kwalba, ta ce a ɗan buɗe mata ta ɗanɗana. Na ga hannun Maman Yakubu ya nufi murfin, ya tsaya.

“Kaka, ba a buɗewa,” in ji ta. “Amma na ɗanɗana miki kwali biyu. In ba ki yarda ba, je ki tambayi mutanen Sahuda.”

Tsohuwar ta saya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Dada Hajara da tuwonta, da kuma dogon nan na shinge, wanda ya bar mana zaɓi tsakanin rami da ciki.