Wai sai na faɗi sunan 'yar fari

'Yan uwa, yau waya ta nemi ta cire min kunya a tsakar gidana!

Kun san binciken nan na masu sikila da 'yata Ummi take ciki tun tana jaririya, ana duba ta kyauta. To, sun daina zuwa gida, sun saka mana manhaja a waya. Da safe na buɗe, wai in danna in faɗi sunan yarinyar na yanka da bakina.

Ni? 'Yar fari? Kuma sunan uwar mijina ne, ga ta zaune a kan tabarma tana jina!

Na ce "Ummi." Manhajar ta ƙi karɓa. Na sake, sai ta yi ja, wai za a cire mu daga binciken.

Na zari mayafi sai ofishinsu na Ƙofar Ruwa. Ma'aikaciyar ta ce, "Haba Hajiya, kalma ɗaya ce fa. Zamani ya canja."

Na ce, "To Malama, ya sunan maigidanki?"

Ta ce, "Abban Hanifa."

Na ce, "Na yanka nake tambaya. Faɗa da ƙarfi."

Wallahi sai ta rufe fuska da hijabi! Ofis ya kwashe da dariya.

Na dangwarar da wayar a teburinta. Na ce, "Shekara da shekaru kuna ɗiban jinin 'yata, ban hana ba. Amma bakina nawa ne. Ku koya wa abar nan tarbiyya."

Da hannunta ta shigar da sunan. Ummi tana nan a ciki, ni kuma ban faɗa ba!