Ranar da Farfesa Ya Yabi Mai Ƙarancin Magana

Har na bar aikin rediyo ba zan manta da wata Laraba ba, a watana na uku a sashen Hausa a Washington. Ina kan gwaji a lokacin, wato ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna. Shugabar sashe, Hajiya Rabi, ta ba ni shirin minti goma sha biyar kai tsaye, kan wani tsohon firaministan Birtaniya da ya riƙe ƙasar bayan yaƙin duniya na biyu.

Ƙa'idar aiki ita ce a fara hira da baƙo ta waya, a ji yadda yake magana. Ni kuwa da aka ce min Farfesa Garba na Alexandria, nan kusa da Washington, malamin tarihi ne, sai na ce ai ba sai na gwada shi ba.

A ɗakin watsa shiri, jar fitilar da ke nuna an fara jin mu ta kama, na ce, "Farfesa, wane irin mutum ne shi?"

Ya gyara zama ya ce, "Ɗana, mutum ne da ba ya ɓarnar kalma. Taro in ya yi tsawo, shi ke datse shi."

Daga nan ya kama yabon ƙarancin magana. Ya biyo ta kakan mutumin, ya ratsa makarantarsa, ya sauka a kan marigayi kawun shi Farfesan na Zariya, wanda shi ma, in ji shi, shiru-shiru ne. Tambayoyi shida na nan a hannuna. In na ce, "Farfesa," sai ya ɗaga min hannu: "Ina zuwa, ɗana." Dattijo ne sa'an mahaifina, na kasa katse shi.

Saura minti ɗaya na yi ƙundunbala: "A taƙaice, me ya bar wa ƙasarsa?"

"Asibiti kyauta da gidaje ga talaka. Amma kafin mu zo nan..."

Injiniya ya saki kiɗan rufe shiri.

A ofis Hajiya Rabi ta cire tabarau ta dube ni. "Malam Sani, mutumin nan ƙasa guda ya riƙe. Kai baƙo ɗaya ya gagare ka." Ta ƙara min wata ɗaya na gwaji.

Ku da kuke tasowa, ku girmama dattijo a bakin ƙofa, ku kawo masa shayi. Amma da zarar fitila ta kama, mai sauraro ne babba a ɗakin.