Kawu da Lambun Yayarsa

A ofishin binciken ƙasar noma kowa Kawu yake ce masa, har shugaban ofishin da ya girme shi. Gajere ne mai sanƙo, kuma ba a taɓa ganin farcensa fari ba. Matarsa tun tana faɗa a kan ƙasar da take tararwa a aljihunsa har ta gaji, ta koma zazzage ta a tukunyar fulawa kafin wanki.

Ba da son ransa ya karanci ilimin ƙasa ba. Likita ya so ya zama, maki bai kai ba, aka tura shi inda ake da gurbi. Yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, ta sa shi gaba da tsiya, wai ta sayar da awakinta don a koya wa Auta, kamar yadda take kiransa, wasan ƙasa, abin da yake yi kyauta tun yana rarrafe. Amma ranar da malaminsu ya shigar da su wani rami mai zurfin tsayin mutum, ya nuna musu ƙasa hawa-hawa, baƙa a sama, ja a tsakiya, yumɓu a can ƙasa, da inda saiwa ta tsaya ta kasa wucewa, Kawu bai ƙara maganar asibiti ba.

Haka ya tsufa a aikin. Manomi zai zo da kukan masararsa ta yi rawaya, Kawu ya hau babur ya bi shi. Ya jiƙa ƙasa a tafin hannu, ya murza, ya shinshina, sannan ya ratsa gonar a karkace, yana ɗibar kaɗan nan kaɗan can, yana zubawa a bokiti ɗaya. Ya gauraya, ya shanya a inuwa, ya daka, ya tankaɗe, ya kai ɗakin gwaji. Ƙa'idar ke nan in ana son sanin ƙarfin gona da irin takin da take buƙata, kuma ya koyar da ita ga ɗalibai masu yawa. Manoma kuwa sun yarda da shi, don bai taɓa sa mutum ya sayi takin da gonarsa ba ta so ba.

Da mijin yayarsa ya rasu, ta sayi fili a bayan layin makanikai, ta ce lambu za ta yi don kada ta zauna tana jiran hannun 'ya'ya. Ta kira Auta ya duba mata. Ya zo da bokitinsa, ya yi yadda ya saba, sakamako ya fito: tsami daidai, ƙarfi daidai, takin gargajiya kawai za a ƙara. Lambu ya karɓa. Alayyafo, latas, karas, har masu sari suka riƙa zuwa da kansu. Gidan ma daga nan ake ci, kuma ƙaramin jikanta, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, can yake wuni a inuwar katanga yana tonon ƙasa da cokali.

Bara, bayan damina, ta ce masa ya dasa mata lemo a kusurwar nan ta katanga. Yana haƙa, bai kai zurfin gwiwar hannu ba shebur ya ci karo da wani abu. Ɓallin baƙar roba ne mai kauri. Ya ƙara haƙawa, ga wani, ga wani, ga kuma wani shimfiɗaɗɗen abu mai ruwan toka da bai yi kama da kowace ƙasa da ya sani ba. Kawu ya zauna a bakin ramin. Wani tsohon makanike ya tabbatar masa da abin da yake tsoro: a da, nan ake fasa tsofaffin batiran mota ana cire dalma, da aka tashi sai aka zuba ƙasa aka rufe.

Tun a wurin ya ga inda ya kauce. Bokiti ɗaya na neman ƙarfin gona ne. Mai neman guba ba ya gaurayawa, don ƙasa mai kyau takan ɓoye marar kyau. Balle ma shi bai nemi gubar ba. Ya ga yayarsa, ya ga fili, bai tambayi abin da ake yi a wurin kafin ta saya ba, abin da yake hana ɗalibansa mantawa.

Ya sake ɗiba, wannan karon kowane fangali da ledarsa, sama daban, ƙasa daban, ya aika babban ɗakin gwaji. Rabin lambun da ke wajen rijiya ya fito lafiya. Rabin katanga kuwa dalmar da ke cikinsa ta wuce misali.

Wani abokin aikinsa ya ja shi gefe, ya ce ai abin mai sauƙi ne: a kwashe saman da sunan gyara, a kawo sabuwar ƙasa, ba sai kowa ya ji ba. Ritaya ta ƙarato, me zai sa ya zubar da sunansa da hannunsa? Kawu ya ce kwashe ƙasa ba ya kwashe abin da ya riga ya shiga jinin yaro.

Ya sami yayarsa tana ɗaure alayyafo. Ya faɗa mata komai a tsaye, bai rage ba.

Ta ce, "Kai ne fa ka ce min ƙasar nan tsaf take."

"Ni ne, Yaya. Abin da ya kamata in duba ban duba ba."

"To yanzu me zan ce wa masu sari? Me zan ce wa uwar yaron nan?"

"Ba ke za ki ce ba. Ni zan ce."

Shi ɗin kuwa ya faɗa. Ya bi masu sari rumfa-rumfa, wata ta zage shi tas, ya tsaya har ta gama. Ya je wurin masu lambunan da ke maƙwabtaka, ya ɗebi ƙasarsu kyauta. Ya kai rahoto ofis da sunansa a kai, sannan ya kwashi duk yaran gidan zuwa asibiti. Manyan sun fito da sauƙi. Ƙaramin jikan ne aka samu dalma a jininsa fiye da kima, aka ɗora shi a kan magani. 'Yar autar Yaya, wadda ta gama karatun ƙasa bana saboda sha'awar aikin kawunta, ita ta riƙe yaron ana ɗibar jininsa, kuma har yau in ta ga alayyafo a kasuwa sai ta kau da kai.

Yaya ta ɗauke masa wuta. In ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. Bai fasa zuwa ba. Kafin ya tafi ofis yana lambun, shi da leburori, suka kwashe ƙasar rabin katanga aka kai inda hukuma ta nuna, suka shimfiɗa yumɓu mai kauri, suka kewaye wurin da waya. A rabin rijiya ya ɗaga fangalai da bulo, ya cika su da ƙasar da ya gwada leda-leda. Bayansa ya riƙe, matarsa tana gasa masa da ruwan zafi tana mita, gari na wayewa ya koma.

Likita ya ce dalmar tana sauka, amma sai yaron ya fara makaranta za a san ko ta bar masa wani abu. Da wannan ake zaune a gidan, ba wanda ya cika son ɗaga maganar.

Ranar da aka dawo da sakamakon jinin yaron na baya-bayan nan, Yaya ta tarar da shi durƙushe yana dashen latas. Ta daɗe a tsaye a kansa. Sannan ta ce ya matsa, ya cika haɗa su kusa da juna, ta durƙusa gefensa ta karɓi rabin dashen.