Ranar da Goggo ta Zaga Lambun Makaranta

A shekarar da aka fara aiki da shari'a a Zamfara ina aikin buga takardu a wata babbar makaranta da ke bayan garin Ƙauran Namoda. A bayan sashen koyar da noma akwai wani lambu da aka kewaye da waya, an dasa itatuwa iri-iri, kowanne an rataya masa ɗan allon kwano mai sunansa na boko da na Hausa. An share wata 'yar hanya, an jera duwatsu masu farin fenti gefe da gefe. Ba hawa ba gangara. Idan rana ta yi sanyi nakan zaga ta cikin minti goma sha biyar in koma ofis.

A farkon daminar nan goggona, yayar mahaifina, ta zo daga Moriki ganin likita saboda ciwon gwiwa. Likita ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta riƙa taka ƙafa kullum. A gidanmu kuwa ba filin takawa, daga ɗaki sai madafa. Sai na ce ranar Asabar zan kai ta lambun makaranta.

"Mi aka nomawa ciki?" in ji ta.

"Ba a noma komai, Goggo. Itatuwa ne kawai, ana zagawa ana kallo."

"Kallon icce? Tau, boko ya kai inda za shi."

A lokacin an hana duk mata hawa baburan kabu-kabu, sai muka tsaya bakin titi muna jiran tasi ta mata. Ta daɗe ba ta zo ba, da ta zo kuma a cike, har da mai ɗauke da kaji biyu. Goggo ta samu abokiyar hira, kafin mu sauka ta san sunayen jikokin matar duka.

Muna shiga lambun ta tsaya a itacen farko. Na sunkuya zan karanta mata allo, ta riga ni. "Marke na. Ki bar wahal da idonki." Na biyu ta ce ƙirya, ta ba ni labarin turmin da aka sassaƙa wa kakarmu da ita, wanda har yanzu ana daka a ciki. Kalgo, aduwa, kanya, faru, duk gaishe su take yi kamar ta shiga gidan biki ta tarar da dangi. Minti sha biyar ɗina suka ƙare ba mu wuce itace na shida ba.

A nan malamin da ke kula da lambun ya same mu. Mutumin Filato ne, Kirista, dogo mai hular kaba, kullum da ɗan littafi a aljihu. Ya rusuna ya gaishe ta, ya bi mu a baya yana saurare. Da muka iso wani matashin itace na karanta da ƙarfi, "Taura."

Goggo ta dubi itacen, ta dube ni. "Wa yac ce?"

"Allo ne ya ce."

"Allo ya yi kuskure. Wanga maje na." Ta jawo reshe ta nuna mana sabon toho. "Kun ga ja? Hakanan maje ka tohowa. Na yi kiwo ƙarƙashin taura tun ban da wayo, ba ni ɓata ta."

Kunya ta kama ni, don ina ganin malamin kullum a ofis. Shi kuwa ya murza ganyen, ya shinshina, ya daɗe yana duba ɓawon. Sai ya yi dariya. "Mama ta yi gaskiya. Shekara uku ina kawo ɗalibai nan, ba wanda ya ce mini komai." Ya kwance allon ya sa a aljihu, ya fito da littafinsa. Daga nan shi ke tambaya, ita ke amsawa: wanne akuya ke so, wanne ake jiƙa wa mai jego, wanne ba a sa shi a murhu saboda hayaƙi.

Can wajen ƙarshen hanya muka iso gaban wani itace mai ɓawo kamar takarda. Hano ne. Ta ce da akwai shi da yawa a tudun da ke bayan garinsu, masu sassaƙe suka bi shi har ya ƙare, ta fi shekara ashirin ba ta gan shi ba. Ta dafa shi ta tsaya. Akwai sanarwa a ƙofar lambun cewa ba a tsinka ba a sassaƙa. Malamin ya juya baya yana gyara wani dutse da ba abin da ya same shi, Goggo ta ɓanɓaro ɗan ɓawo ta ƙulle a gefen mayafi.

Itacen ƙarshe ƙarami ne, bai kai ƙuguna ba, an yi masa rumfar zana. Goggo ta zaga shi sau biyu, ta shinshina, ta ɗanɗana ganyen.

"Wanga ban san shi ba."

Malamin ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce atili ne, daga ƙauyensu ya kawo irin, a can yakan fi bene tsawo, ana jiƙa 'ya'yansa a ruwan ɗumi a ci. A nan kuwa zafi ya hana shi sakat.

"Baƙo na, shi ya sa," in ji Goggo. Ta ce ya nemi tsohon tulu mai tsaga ya binne kusa da saiwar, ya riƙa cika shi da ruwa, zai riƙa tsatsafowa a hankali ko da rani. Ya rubuta wannan ma.

Sai da aka kira azahar muka fito. Ta yi salla a barandar ofishinmu, ta miƙe ƙafafu, ta ce gwiwar na nan yadda take, amma yunwa take ji, wadda rabonta da ita tun da ta zo Ƙaura. Malamin ya aika aka kawo mana fura daga wajen Fulanin da ke zama bakin ƙofar makaranta.

Ranar Litinin ya kawo mini littafinsa ya ce in buga. Shafi huɗu ya fito. Ya so a sa sunanta a sama, da na faɗa mata ta ce a'a, kar mutanen Moriki su ji an ce ta shiga boko da tsufanta. Sai muka rubuta "wata dattijuwa daga ƙasar Zurmi", tunda Moriki a ƙasar Zurmi take. Bayan mako guda ta koma gida, ni kuma na ci gaba da zagayena, sai dai yanzu yakan ɗauke ni rabin awa.