Unguwa Guda a Cikin Bargo

Bayan rasuwar Inna, mahaifiyata, sai Baba ya fara jin sanyi. Ba irin sanyin da kowa ke ji ba. A tsakiyar bazara, lokacin da kaji ke buɗe baki a gindin rumbu saboda zafi, shi yana zaune a rana da riga biyu. Yayana ya sayo masa bargon kanti, ya ce cizonsa yake yi. Aka kawo masa gwado, ya ce ai wannan likkafani ne mai kauri, a kawar masa da shi. Ni ce auta, ni kaɗai yake yi wa wasa, ni kaɗai kuma nake iya yi masa faɗa. Da na je ganinsa a ƙauyenmu da ke gefen Ruwan Bago a ƙasar Rogo, na same shi ya rame, ya sa kaskon wuta a gaba, sai na yi masa alkawarin cewa kafin marka ta sauka zan kawo masa bargon da na ɗinka da hannuna.

Ya ce, "Ke, Auta? Ke da ko maɓalli kika sa sai ya riga mai rigar zuwa ƙasa?"

Bai san na samu sabuwar jaraba ba. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina aure a Karaye, maigidana malamin firamare. Akwai wani tela da ya kafa kekensa a zaurenmu, kullum da yamma sai ya share ƙyallayen da suka zuba ya ɗura a buhu. Na fara karɓar buhun ne don in cusa matashin kai. Wata rana na zazzage shi a tabarma, na ga ja ya kwanta kusa da kore, ruwan ɗorawa kusa da shuɗi, sai zuciyata ta ƙi yarda in binne su. Na ɗauki allura na haɗa biyu, na ƙara biyu. Tun daga ranar tuwona ya fara kamawa a tukunya. Ba sana'a ba ce, ban taɓa sayar da ko ɗaya ba. Daɗi kawai nake ji, irin daɗin da wasu matan ke samu a gulma.

Na Baba na so ya fi kowanne. Na karɓo gwadon da ya raina don ya zama bayansa, na sa aka shiɓe mini auduga da zan shimfiɗa a ciki. A rabon kayan Inna wani tsohon zane na baƙin rini ya faɗo a kasona, ya sha wanki har ya koɗe ya yi laushi. Na yanki inda bai mutu ba na sa a tsakiya, na ci gaba da jera sauran ƙyallayen a kewayensa yadda idona ya so.

Rigima ta fara ne ranar da na shanya fuskar bargon a kan katanga, rabinta ta leƙa lungu.

A wajenmu ƙyallen tufar mutum ba shara ba ne. Kowa ya tashi da jin cewa idan maƙiyi ya samu ƙyallen rigarka ya kai wa boka, to sai yadda ya yi da kai. Telan nan kuwa shi ya ɗinka kayan Sallar kusan duk unguwar, kuma kowa ya ɗauka ƙone ragowar yake yi. Ni ina ta lissafin launi, ban taɓa kawo wa raina cewa mutane nake jerawa ba.

Wadda ta fara shigowa maƙwabciyata ce mai fura, bazawara mai kaifin baki. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Matar Malam, me na tsare miki? Na taɓa cin miki wani abu?"

"Lafiya, Yaya? Ina kwana tukuna."

"Ina kwanan me? Atamfar Sallata ce can a kan katangarki, an ɗaure ta ta ko'ina!"

Na sauko da bargon na shimfiɗa mata, na yi mata bayanin Baba da sanyinsa. Na ce in tana so yanzu in farke nata in ba ta abinta. Ta durƙusa tana duba ƙyallen, sai idonta ya sauka kan na kusa da shi, wani yadi ruwan ƙasa mai ratsi. Duk unguwa an san rigar, ta mahaucin bakin tasha ce.

Ta gyara murya ta ce, "To, tunda an riga an ɗinka, farkewa ai ɓarnar zare ne."

Ba a jima ba mahaucin ya aiko neman aurenta. Shekara da shekaru yana shan furarta a tsaye yana kallon ƙasa, kowa ya sani, har almakashin telanmu ya sani. Amma unguwa ta yanke hukunci cewa aikin bargo ne. Ranar ɗaurin auren aka aiko mini da tsire, na ci ina jin haushi.

Daga nan gidanmu ya koma kotu. Mata suna shigowa kai tsaye, maza kuma suna tsayawa a zaure su ba maigidana saƙo. Wani ya roƙa a raba shi da ƙaninsa, wai tun da na haɗa su suke faɗa kan iyakar gona, alhali kuwa tun kafin a kawo ni garin suke wannan faɗan. Wata ta ce na sa ta a gefe, shi ya sa ba a gayyatarta biki. Wani dattijo ya ji an ce nasa yana wajen ƙafa, ya zo yana huci, ya ce shi bai taɓa zama ƙarƙashin ƙafar kowa ba. Na aika masa cewa bargon ba shi da kai balle ƙafa. Ya ce to a tantance. Maza suka zauna a zaure har la'asar suna shawarar inda kan bargona yake, ba wanda ya tambaye ni.

Masu tsoro suka ragu, masu kawo ƙyalle suka ƙaru. Wata tsohuwa ta kawo tsumman da take ɗaura wa akuyarta a wuya, wai akuyar ba ta haihuwar tagwaye yanzu. Wani ya tako tun daga Kwanyawa da ƙyallen da yake goge babur ɗinsa, don babur ɗin ba ya tashi da safe. Mai unguwa ya aiko da yankin shadda mai faɗin faifai, da gaisuwa, da tambaya cikin ladabi ko tsakiya na da mai ita. Na ce tana da mai ita, kuma ba ta tashi. Aka daidaita a kan ya zauna a gefenta.

Da liman ya ji, sai ya yi wa mutane nasiha bayan sallar Magariba, ya ce wannan camfi ne, ƙyalle ba ya aura wa kowa mata, ba ya tada babur. Na ji daɗi har na yi hamdala, na ce yau na huta. Kashegari matarsa ta shigo, muka gaisa, ta tambayi yara da aiki da gajiya. Ta ce ita ba ta yarda da komai ba, Allah ya sani. Kawai dai an ce jallabiyar Liman tana manne da rigar makaɗi, kuma abin bai yi kyawun gani ba.

Maigidana fa? Shi abin daɗi yake masa. Mutumin da ba a gaishe shi sai ɗan wani ya faɗi jarrabawa, yau ga shi ana ce masa ranka ya daɗe, ana ajiye masa goro a gefen tabarma. Sai ya shigo yana tauna, ya ce, "Uwargida, ɗan matsar da mai shayi kaɗan mana, maƙwabci ne."

Ni kuwa kunya ta hana ni cewa a'a. Waɗannan mutanen su suka zo mini gaisuwar Inna, su nake aron turmi a wajensu. Sai in farke, in sake ɗinkawa, in kuma farkewa. Matsar da mutum ɗaya yana nufin taɓa duk na kewaye da shi, su kuma sai su zo. Yatsuna suka yi kanta. Bargon yana ƙara faɗi amma ba ya kusantar ƙarewa, audugar tana can a kwando tana jira.

Sai marka ta sauka. Ruwa ya yini yana yayyafi, bango ya jiƙe, ashana ta daina kamawa. Yayana ya aiko da wani direba ya faɗa mini Baba yana tari, kuma da kaskon wuta yake kwana a ɗaki a rufe. Ya ƙara da cewa Baba ya ce a tambayi Auta ko maɓallin ne ya faɗi.

A ranar raina ya ɓaci ƙwarai, da su, da telan, da Malam da goronsa. Na saka sakata a ƙofar tsakar gida. Na kwashe duk abin da aka kawo, akuya da babur da mai unguwa, na jera su yadda suka zo hannu, na shimfiɗa auduga, na ɗora a kan gwado, na bi da basilla layi-layi. Ana ƙwanƙwasa ƙofa ina yin kunnen uwar shegu. Da na gama na ce wa Malam ya sanar da kotunsa an tashi, gobe bargo zai tafi Rogo.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe sabuwa na buɗe.

"Rogo? Mu za a kai Rogo?" Haka na riƙa jiyo muryar dattijon nan daga zaure. "Me muka yi?"

Da safe rabin unguwa ta rako ni tasha, sai ka ce mai tafiya Makka. Mai unguwa ya aiko a roƙi direba kada a ɗaure bargon a saman mota tare da buhunan masara. Wani ya ce kada in zauna a kai. Mai fura, wadda yanzu amarya ce, ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa in zan ninke, don Allah kada ninkin ya bi ta tsakaninta da maigidan. Haka na shiga mota na rungume unguwa guda a cinyata, ana ɗaga mata hannu. Hanya duk taɓo, motar ta kafe a wani kwari, maza suka sauka turawa, ni dai ban saki kayana ba.

Na sami Baba a kwance, ɗakin duk hayaƙi. Yanar ido ta riga ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da duhu. Bayan mun gaisa na shimfiɗa masa bargon a jiki, ya riƙa binsa da tafin hannu, ni kuma ina gaya masa wanda yake taɓawa. Ga mahauci da amaryarsa. Ga liman, an nesanta shi da makaɗi. Ga akuya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yayana ya kawo ruwa, ya sha ya ce in ci gaba. Rabon da in ji dariyarsa tun Inna na da rai.

Sai hannunsa ya kai tsakiya ya tsaya. Ya murza ƙyallen tsakanin yatsunsa.

"Wannan ba sai kin faɗa ba," in ji shi. "Shi take ɗaurawa in za ta unguwa."

Ya jima hannunsa na wurin. Sannan ya ce yayana ya miƙo masa reza. Ya lalubi bakin rigar da ke jikinsa, ya yanko ƙyalle a karkace, ya miƙo inda yake jin numfashina.

"Sa mini a jikin nata."

Duk daminar nan ina rantsuwa bargo ne kawai, na yi wa mutane dariya a gabansu da bayan idonsu. Amma Inna tana kabari, Baba kuma ga shi yana tari, an ce in ɗinke su wuri ɗaya. Na ce, "Baba, ai ƙyalle ne kawai, ba ya komai."

"Na sani. Ɗinka."

Na ce ɗakin ba haske, na ja bargon zuwa bakin ƙofa. Zare ya ƙi shiga allura. Na ɗora ƙyallen Baba a kan shaddar mai unguwa, na rufe ta ruf. Sai na juya baya, na yago bakin ɗankwalina, siriri kamar yatsa, na ɗinke shi tsakanin nasa da na Inna. Na mayar masa na koma gefe kamar ban yi komai ba.

Ya shafa nata, ya shafa nasa. Yatsansa ya hau kan siririn, ya bi shi daga sama har ƙasa.

"Auta, wane ne wannan ɗan tsamurmurin a tsakani?"

Na hau naɗe zare. Ya sake tambaya.

"Ɗankwalina ne."

"Ashe ke ma 'yar unguwar ce."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Na ce, "Baba, tsoro nake ji. Ba na so ka bi ta." Na miƙa hannu zan ɗauki rezar, na ce in yana so in farke.

Ya riƙe mini hannu. "Bar shi. Dama tun da kika fara rarrafe ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ni da ita ba sai kin kutso tsakani. Wurinki ne."

Ya ja bargon har haɓa, ya gyara kwanciya, ya ce wa yayana ya fitar da kaskon nan waje, hayaƙinsa ya ishe shi.