Ranar da Aka Yaye Uwar Kumfa

Duk wanda ya taɓa kai wanki layin bayan asibiti ya san Uwar Kumfa. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi fari ya yamutse saboda ruwan sabulu, kuma ba ta iya magana a hankali ba. Wasu na cewa zama da kurame ne ya koya mata ɗaga murya. Ƙarya ne, haka Allah ya yi ta. Da kuramen ai ko baki ba ta buɗewa, hannu ke aiki.

Mijinta direban tanka ne. Ya fita wata tafiya bai dawo da rai ba, ya bar ta da 'ya ɗaya, Shalele, wadda zazzaɓi ya toshe wa kunne tun tana goye. Dangin miji suka yi ta'aziyya suka watse. Ita kuwa ta kama hayar wani tsohon gareji mai ƙofar ƙarfe, ta sayi baho biyu da dutsen guga na gawayi, ta fara wanke wa ma'aikatan asibiti fararen kayansu. Da Shalele ta girma ta kama guga. Ita ce ta jawo ƙawayenta daga makarantar kurame ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka gama karatu aka rasa inda za a kai su. Akwai Mai Hagu, wadda in ta goge maka wando sai ka ji tsoron karin ya yanke ka. Akwai 'Yar Fara, da Uwar Kumfa ta tsamo daga bara a mararraba, sai kuma wata dattijuwa mai ninke kaya, ita ma kurma. Su biyar ke nan har da Uwar Kumfa.

A garejin nan ba a kiran kowa da baki. In Uwar Kumfa na son a dube ta sai ta daki teburin guga, kowa ya ji a hannunsa ya ɗago. Matan unguwa kuwa sun fi son kawo wanki nan, wai kayanki su dawo fes, asirinki bai fita ba. Ba arziki aka yi ba, amma kowacce tana ci, tana sutura, ba ta miƙa wa kowa hannu.

Sai ga Auta.

Auta ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da wankin nan ta yi masa makaranta har ya gama. Ya nemi aiki ya rasa, sai ya shiga bin tarurrukan bita a otal-otal, inda ake raba jaka da biro. Daga nan ya fito da ƙungiya mai dogon suna, wai ta tallafa wa mata masu rauni. Ofishinta kaf yana cikin jakar da yake ratayawa. Ya ce a riƙa kiransa Kodineta, mutane suka biye masa. Yayarsa dai Auta take ce masa, ko a gaban wa.

Ya shigo wata safiya yana tsallake kumfa don kada takalminsa ya jiƙe.

"Yaya, abin arziki ya zo. Tallafi ya fito na mata masu buƙata ta musamman. Injinan wanki, janareta, tankin ruwa, komai."

"To a ba ni mana. Ga su nan ai, ko ba ka gan su ba?"

"Ba a ba mutum, Yaya. Ƙungiya mai rajista ake ba. Ni ina da rajista ba ni da wuri, ke kina da wuri ba ki da rajista. Aron garejin kawai za ki ba ni ranar da za su zo dubawa."

"Aro kamar tabarma?"

"Yini ɗaya tak. Sannan ke ma ki shiga layi da su, a ce koyo kike."

Ta ajiye rigar da take matsewa ta dube shi. "Ni ce zan koyi wanki? A hannun wa? Kai da har gobe ba ka iya wanke safarka ba?"

"Haba Yaya, ki gane tsarin. Mutanen nan ba sa ba wanda ya tsaya da ƙafarsa. In suka ga kin iya sai su ce ba ki da buƙata, su kai wa wani. Dole a nuna musu cewa mu muka tsamo ku."

Ta kore shi a ranar. Amma da yamma ta ga Shalele tana shafa man kaɗanya a tsagaggen hannunta tana cije leɓe, ta ga 'Yar Fara ta dawo daga famfo da jarka a ka, bayanta a karkace. Injin wanki ya riƙa yi mata yawo a zuciya. Ta aika aka kira shi.

Ranar dubawa Auta ya cire allon kwanon da ta sa aka rubuta wa WANKI DA GUGA tun farkon farawa, ya jingina shi a bayan gareji, ya rataya ƙyallen ƙungiyarsa. Ya sa aka ɓoye gogaggun kayan manyan likitoci, kada a ga wurin na da ciniki. Ya ce kowacce ta sa tsohuwar riga. Can sai ga farar mota ta tsaya, wata mata mai tabarau ta fito daga ofishin masu ba da tallafi, da mai ɗaukar hoto a bayanta. Auta ya miƙa wa yayarsa dutsen guga, ya kama hannunta yana wai gyara mata riƙo, aka ɗauka.

Mai Tabarau ta sunkuyo tana murmushi. "Mama, kina jin daɗin koyon?"

"Ina ji," in ji Uwar Kumfa. Kalmar nan har yau tana ci mata rai.

A faɗi gaskiya, injinan sun zo. Uku, farare, da janareta da tanki. Hannun Shalele ya warke. Auta ya ce ƙungiya za ta ɗauki kuɗin haya don a rage wa Yaya nauyi, ita kuma ta sa masa albarka, baiwar Allah. Aka raba musu riguna masu tambari. Abin da ba a faɗa mata ba shi ne hoto ya fi wanki muhimmanci. Kowane mako sai an tsayar da aiki an jera su, a ce su ɗaga babban yatsa. Wata rana baƙi, wata rana 'yan jarida. Kayan mutane suka fara kwana, abin da bai taɓa faruwa ba a garejin. Ta yi ta masifa, ana ba ta haƙuri.

Watanni suka shige a haka. Sai Auta ya zo ya zauna a kan kujerar ninki, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Yaya, kashi na farko ya kammala horo. Za a yi bikin yaye ku, a ɗauko sababbi."

"A ɗauko su a sa a ina? Wurin ai ya cika."

"Shi ya sa za a yaye ku. Masu tallafi sababbin mutane suke so su gani. Waɗannan an riga an nuna su, ba za a sake nuna su ba. Kowacce za a ba ta kayan sana'a ta je ta tsaya da ƙafarta."

"A da a kan kanka suke tsaye?" Sai maganar ta gama isa gare ta. "Tsaya. Ka ce za a yaye mu. Har da ni?"

Ya kau da ido. "Ke ce a gaban hoton farko, Yaya. A wurinsu ɗaliba ce ke. In na bar ki za a ce na yi son kai."

Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi wurin mai garejin, tsohon da ta yi shekara da shekaru tana kai wa haya a hannu. Ya saurare ta yana sakace haƙori. "Baiwar Allah, ni wanda ke biya na sani. Ƙungiya ta biya gaba, kuma ta fi ki biya. Ku je ku sasanta, ai ɗan'uwanki ne."

Ta kasa gaya wa matan. Sau nawa tana dukan teburi, su ɗago, sai ta nuna musu wani tabo a riga ta bar maganar. Su kuma da suka ga ana kafa rumfa ana jera kujeru, suka ɗauka girmama su za a yi. Suka ci ado. Shalele har da kwalli.

Aka yi jawabai masu tsawo waɗanda huɗu daga cikin masu bikin ba su ji ko kalma ɗaya ba, don ba wanda ya yi tunanin kawo mai fassara da hannu. A gefe ga sababbin 'yan mata a zaune cikin sababbin riguna masu tambari. Aka fara kira. Kowacce satifiket, bokitin roba, da dutsen guga na lantarki, a unguwar da wuta ke zuwa in ta ga dama. Da aka zo kan Uwar Kumfa ta tashi, ta wuce Auta da satifiket ɗinta a hannunsa, ta tsaya gaban Mai Tabarau.

"Hajiya, wurin nan nawa ne. Ni na kafa shi wannan yaron yana fitsarin kwance. Ba wanda ya koya mana komai. Aron yini ɗaya na ba shi, na yi miki ƙarya don a ba mu inji, yau kuma ana korar mu da bokiti."

Mai Tabarau ta kama hannunta ta ja ta bayan rumfa, ta rage murya.

"Mama, na ji ƙorafinki, kuma za mu duba. Amma rahoto ya riga ya tafi sama. In wannan maganar ta tashi, shirin gaba ɗaya za a rufe, har mu abin zai shafa. Ki yi haƙuri ki karɓa, a ɗauki hoton a gama lafiya."

"Wato kin sani."

"Ban ce na sani ba, Mama."

"Ba ki so ki sani ba dai."

Ta fizge hannunta ta koma gaban taro. Ta daki teburin manyan baƙi har robar ruwa ta faɗi, matanta suka juyo. Nan a gaban kowa ta gaya musu da hannu, ba ta rage komai ba, har da nata laifin. Murmushin Shalele ya tafi a hankali. Mai Hagu ce ta fara dire bokitinta. Ta tuɓe rigar tambarin daga saman kayanta, ta ninke ta tsaf kamar yadda ta saba, ta ɗora a cinyar Auta. Suka zagaya bayan gareji suka kwaso tsofaffin bahonsu, da duwatsun gawayi, da allon kwano, suka bi ta tsakiyar kujeru suka fita.

Tsakar gidan Uwar Kumfa ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Nan suka ɗaura igiyoyi sama da ƙasa, sai mutum ya sunkuya zai shiga ɗaki. Matan unguwa suka biyo su, amma babban wankin asibiti ya tsaya inda inji yake. Abin da ke shigowa ba ya ciyar da baki biyar. Dattijuwar nan ta koma wurin danginta, inda ake mata kallon kaya. 'Yar Fara ta daure na wani lokaci, sannan wata safiya ba ta zo ba. Uwar Kumfa ta gan ta daga cikin motar haya a mararraba, tana bin tagogi da hannu a buɗe. Ta sauka ta jawo ta, 'Yar Fara ta dawo kwana kaɗan, ta sake komawa.

Garejin kuwa? An yaye kashi na biyu, an yaye na uku, kowa da bokitinsa. Asibiti ya janye wankinsa bayan an mayar da fararen riguna ruwan hoda. Tallafi ya ƙare, man janareta ya ƙare, aka garƙame ƙofa. Injinan na ciki har yanzu, ƙyallen ƙungiya ya koɗe a sama.

Ana nan sai ga farar motar a ƙofar gidanta. Auta ya fito cikin farar shadda, Mai Tabarau da mai hoto na biye. Suka same ta a bakin ƙofa da bahon ruwan bula za ta zubar.

"Yaya, barka da aiki. Abin da ya wuce ya wuce. Za a sabunta tallafi, ana neman wadda aka yaye ta kafa nata har ta ɗauki ma'aikata. Duk cikinsu ke kaɗai ce. Ke ce nasarar shirin nan, wallahi. Hoto ɗaya kawai, kuma wannan karon akwai rabonki."

"Nasara kake nema? Je ka mararraba, tana can tana bin motoci. Ka kai mata satifiket ɗinta ta riƙe."

"Haba Mama," in ji Mai Tabarau, "kowa zai amfana."

Uwar Kumfa ta dubi mai hoto. "Kai, ka shirya? Auta, matso kusa da yayarka."

Ya matso yana gyara hula. Ta ɗaga bahon ta juye masa tun daga ƙirji har takalmi.

"Kai wa ɗalibanka su fitar."

Ta shiga ta danna sakata. A ciki Shalele ta ɗago daga guga ta tambaya da hannu, wane ne? Uwar Kumfa ta yarfar da hannu, alamar ba kowa. Ta miƙa wa Mai Hagu bahon, ta ɗauki mayafinta ta tsaya tana jiran ƙarar motar ta yi nisa. Akwai zannuwan gado da aka kawo da yawa yau, aikin ya isa mutum huɗu, kuma ta san mararrabar da za ta sami ta huɗun.